Ɗan Ƙirgi

Shafi na 19

Na Baba Yaji Mai Tozo, Potiskum

To jama'a, na ga saƙonninku. Masu cewa "Baba ka daɗe" ku yi haƙuri, ciwon ƙugu ne ya motsa, wanda na samo tun ranar da tirela ta kife da mu da shanu talatin da biyu a hanyar Kudu. Mu tara ne a saman motar, ni kaɗai na miƙe ina neman hulata. Shi kuma wanda ya rubuto wai tsohon da bai taɓa zama a aji ba ina ya san fim, ka gaida malaminka, ka ce masa na ga abin da biro zai ji tsoron rubutawa. Waya nake yi wa magana tana rubutawa, in kun ga kuskure nata ne. Ku gyara zama.

* * *

Ranar Laraba ce, ranar da Kasuwar Shanu ke cika ta tumbatsa, ko mai zazzaɓi a cikin mahauta ba ya zama a gida. Amma Ɗantala mahauci ya bar cinyar sa a rataye a ƙugiya, ya tari keke napep zuwa gidansa a unguwar Yerimaram da rana tsaka, da mutum biyu a tare da shi.

Ta farko Dada ce, tsohuwar Bafulatana mai kawo nono daga rugagen wajen Fika. Na biyu Muhsin darakta, mai farin gilashi da matsattsen wando, wanda shi ya jawo masifar tun ranar da ya zo neman mai haɗa masa jaririn dodo. Fim yake yi a kan matar da ba ta haihuwa aljanu suka ba ta ɗa, jaririn roban da aka kawo masa daga Kano kuwa ko kaza ba zai tsorata ba. Ɗantala ya ce a bar masa aikin. Ya samo fatar ɗan tayin da aka ciro daga cikin saniya a kwata, ya ɗinka ta da basilla, ya fitar da kai da hannu da ƙafa irin na mutum. A tsakar gidansa aka ɗauki fim ɗin. Da aka gama aka rataye abin a ƙusa, kowa ya kama gabansa.

Matarsa Yagana ce ta sauke shi. Shekara goma sha tara da aure, ciki ɗaya ta taɓa yi, shi ma ya zube a wata na bakwai. Yau kwana goma sha ɗaya abin yana goye a bayanta. Nono ya zo mata. Shi kullum ƙara nauyi yake, ita kullum tsotsewa take kamar rake a bakin yaro.

A zaure Dada ta ja burki. Ta sauke ƙwaryarta, ta zauna a kan dakali.

"Ba na shiga sai na ji abin da kuka yi. Ku durƙusa nan."

"Dada, lokaci na tafiya, matar nan ko ruwa..."

"Kai Kaɗo, na ce ka durƙusa."

Ɗantala ya durƙusa. Muhsin ya duba ƙasa, ya duba wandonsa, shi ma ya durƙusa.

"Mu in ɗan maraƙi ya mutu uwar ta riƙe nono," in ji Dada, "feɗe shi muke mu cusa ciyawa a fatar, mu shafa masa kanwa. Ta lasa, ta ji warin ɗanta, ta saki nono. A wurinmu ka koya, Ɗantala, ko ba haka ba?"

"A rugar marigayi mijinki na gani."

"To da ka gani, ka ga mun buɗe masa baki?"

Ɗantala ya sunkuyar da kai.

"Ni na ce a yi bakin, Dada," Muhsin ya ce. "Saboda in an matso da kyamara, dole mai kallo ya ga..."

"Yi min shiru, mai idon kwalba. Da kai nake?" Ta juya kan Ɗantala. "Mu ɗinke bakin muke ruf. Ana gama tatsa mu ɗauke shi mu ɓoye a bayan bukka, ba ya yini da uwar. Kai ka yanka baki, ka rataye shi a inda macen da ba ta da ɗa ke wucewa sau ashirin a yini. Wannan ma da sauƙi. Kun sa masa suna?"

"Na fim ne kawai," in ji Muhsin. "Wasa ne, Dada. Limamin da ya raɗa sunan ma ba liman ba ne, tela ne a bayan tasha, rawani muka naɗa masa."

"Ragon fa? Shi ma tela ne?"

Muhsin ya gyara zaman gilashinsa.

"Ragon na gaske ne. Ma'aikata na buƙatar abinci, sai muka ce a yanka a gaban kyamara, daga nan a soye."

"Wa ya yanka?"

Daga cikin gida aka jiyo wani sauti, tsut, tsut, tsut, irin na ɗan maraƙin da ya kama hantsa. Ɗantala ya waiga wajen sautin.

"Ni ne," ya ce.

"Me ka ce da ka ɗora wuƙa?"

"Abin da kowane mahauci ke cewa."

"Kalle ni, Ɗantala."

"Shekara talatin ina fawa, Dada, yau za a koya min yanka?"

Muhsin ya yi gyaran murya. Ya zaro waya daga aljihu.

"Kawu, ka yafe min. Jiya da nake tace sauti na ji wani abu. Ka tuna 'yar makirfon da na maƙala maka a wuyan riga? Ban so in faɗa ba, amma..."

"Mayar da wayar nan aljihunka."

"Kunna," in ji Dada.

"Muhsin, na ce ka mayar!"

"Kunna, ko in fasa ta a goshinka!"

Ya kunna. Aka ji hayaniyar mata 'yan wasa suna guɗa. Aka ji kukan rago. Aka ji Muhsin yana ihun a fara. Sai wata murya ƙasa-ƙasa, daf da makirfon, tana rawa kamar ta mai jin sanyi:

"Na yanka maka, Babaji. Ɗana. Na yanka maka."

Sai ƙarar jini a ƙasa.



"Wane ne Babaji?" Dada ta tambaya.

Ɗantala ya cire hularsa.

"Haka na yi niyyar kiran ɗana. Mai sunan mahaifina. Tun ranar da aka kawo Yagana gidan nan na ajiye sunan." Ya goge fuska da hularsa. "Dada, ragunan sunan da na yanka wa mutanen unguwar nan ba sa ƙirguwa. Ɗan wane, 'yar wane, jikan wane. Ranar nan na ga rumfa a ƙofata, na ga tabarmi, na ji guɗa a tsakar gidana, ga rago a ƙarƙashin gwiwata. Na san wasa ne. Amma na ce sau ɗaya dai, ko na ƙarya ne, bari in ji yadda ake ji."

"Sake kunnawa," in ji Dada.

Muhsin ya sake. Ta karkata kunne har ƙarshe.

"Ban ji bisimilla ba."

Gumi ya keto wa Ɗantala.

"Ta wuce ne kafin..."

"Ba ta wuce ba, Kawu," Muhsin ya ce a hankali. "Sau goma na saurara."

"Sunan yaron ne ya cika min baki," in ji Ɗantala. "Wallahi ban taɓa mantawa ba. Ko zakara zan yanka. Sai ranar."

Muhsin ya dafe ciki.

"Innalillahi! Kenan mushe muka ci? Kawu, ni na cinye hantar gaba ɗaya!"

"Hantar ce ta dame ka?" Dada ta watsa masa harara. Ta koma kan Ɗantala, muryarta ta yi sanyi. "Ka ɗinka riga. Ka buɗe mata baki. Ka zubar da jini a ƙasa ka kira suna, ba ka kira Ubangiji ba. Akwai masu yawo ba jiki, ɗana, kullum kunnensu a buɗe yake. Wani ya ji ana kira, ya ga riga ba mai ita, ya shiga."

"To ki gaya min abin yi. In ƙona shi?"

"Ka ƙona shi a haka, da ita za ka ƙona. Ɗinkin yana nan?"

"Na ciki da na hannuwa sun haɗe, fata ta shafe kamar ba a taɓa sa basilla ba. Shekaranjiya na leƙa tana gyangyaɗi, saura na ƙeya. Bai kai tsawon yatsa ba."

"To wannan ɗan yatsan shi ne ran matarka. Ranar da ya rufe, ba basilla ba gatari, sai ya shanye ta tas ya nemi wani. Ina basillar da ka yi ɗinkin da ita?"

Ɗantala ya miƙe ya zaro ta daga jikin azarar zaure.

"Hannun da ya ɗinka shi zai warware, da abin da ya ɗinka. Ni zan raba ta da shi, zan rufe mata ido, don saniyar da ta ga ana zazzage ciyawar ɗanta ba ta ƙara zama daidai. Kai kuma abu ɗaya na hana ka." Ta kama gemunsa ta jawo fuskarsa kusa da tata. "Yana da uwa, shi ya sa yake sha. Ba shi da uba, shi ya sa ƙeyar ba ta rufe ba. Ka kira shi ya zo. Saura shi ya kira ka. In ka amsa, an ƙulle."

"Ai ba ya magana, Dada."

"Wa ya yanka masa baki?"

Ta saki gemun, ta ɗauki ƙwaryarta.

"Kai mai idon kwalba, tsaya a bakin ƙofa. Ka karanta duk abin da ka iya, in akwai. Na ga ka ɗaga wayar nan, sai na ci ƙaniyarka."

* * *

Yagana na zaune a gindin darbejiya a kan tabarma, tana jijjiga baya. Duk wanda ya san ta wata guda baya ba zai gane ta ba. Mace ce doguwa mai jiki, wadda in ta ɗaga taɓarya sai maƙwabta sun ji a ƙasa. Yanzu ƙasusuwan wuyanta sun fito, leɓenta ya yi fari fat, awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Gaban rigarta ya jiƙe, kuma ba da nono kaɗai ba. Taɓaryar na kwance kusa da hannunta na dama.

Ɗantala ya tsaya daga nesa.

Dada kuwa ta shiga da guɗa.

"Ayyiriri! Ina Babarbariyar nan, baiwar kakana? Haihuwa kika yi ba ki aika wa uwargijiyarki ba? Sai a bakin 'yan kasuwa zan ji? Barka, barka da arziki! An sauka lafiya?"

Yagana ta ɗago. Ta kafe tsohuwar da ido tana neman inda dariyar take, ba ta gani ba. Leɓenta ya fara rawa.

"Dada... barka kika ce?"

"Da me zan ce? Ga nono na kawo wa mai jego, kindirmo ne, ba irin ruwan da kuke saya ba, ku da ba ku san saniya ba sai a tukunya."

Hawaye suka ɓalle wa Yagana.

"Wushe, Dada, sannu da zuwa. Ke kaɗai kika zo. Kwana goma sha ɗaya ina dama kunun kanwa ina ajiyewa ko wata za ta leƙo, sai in zubar da yamma. Ni da ba gidan sunan da ban yi wa daka ba a Yerimaram. Ni ke dafa ruwan jegon 'ya'yan mutane, ni ke goya musu su je unguwa. Yanzu in sun zo ƙofata sai su tsallaka titi."

"Bar su, 'yan baƙin ciki. Sauko min da angon nawa in gani."

Hannun Yagana ya tafi ga ƙullin majanyi. Sai idonta ya sauka a ƙugun mijinta. Hannun ya tsaya.

"Malam."

"Na'am, Yagana."

"Da wuƙa ka shigo."

"Daga kasuwa nake, mantawa na yi."

"Shekara goma sha tara a zaure kake rataye ta. Ka ce wuƙar fawa ba ta shiga inda mace take." Ta jawo taɓarya. "Yau Laraba. Me ya dawo da kai gida da rana?"

Ɗantala ya kwance wuƙar da kubenta, ya wurga ta can bayan randa.

"Ga ta can. Baƙuwa na rako."

"Kun ɗauka na haukace, ko?"

"Ba wanda ya ce..."

"Na san ƙirgi ne, Malam."

Ɗantala ya ɗago ya dube ta.

"A gabana ka ɗinka shi. Ni na miƙo maka fitila. Ranar da 'yan fim suka tafi, sauke shi na yi in kai bola, don ƙudaje. Sai na ji ƙanshin turaren akwatina a jikinsa. Na sa yatsa a bakinsa, ka san me na taɓo?"

Ɗantala ya runtse ido.

"'Yar rigar nan mai ɗigon shuɗi. Da hular saƙa. Da tawul. Kayan da na tanada wa wanda ya tafi a wata na bakwai. Na buɗe akwati, wayam. Kai ka kwashe su ka cusa a cikin fatar saniya."

Dada ta juyo ta dubi Ɗantala. Wannan bai faɗa mata a zaure ba.

"Ciyawa ce ta gaza," ya ce.

"Ƙarya kake. A garin shanu ciyawa za ta gaza?"

"To don ki daina kuka ne!" Muryarsa ta tashi. "Duk shekara in watan ya zagayo sai ki fito da su ki shanya, ki ninke, ki kwana uku ba ki ci abinci ba. Na gaji da gani, Yagana. Na ce su fita daga gidan nan, 'yan fim su tafi da su can."

"To ai na daina kukan." Ta yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. "Ka ga na ƙara yi? Ka cika shi da kayan ɗana, na rungume shi, ya motsa. Me kake so in yi? In ce masa koma?"

"Yana kashe ki."

"Na sani."

"Yagana!"

"Na ce na sani! Shekara goma sha tara ina raye ba wanda ya taɓa kuka don yana nemana. Wannan in na ajiye shi na shiga banɗaki, kuka yake har sai na fito. Ka bar ni in mutu ana nemana."

Dada ta ajiye ƙwarya, ta zauna a gefen tabarmar, ta dafa gwiwar Yagana.

"Saniya ma ta sani, 'yata," ta ce a hankali. "Mutane na cewa mun yaudare ta. Ba wawiya ba ce. Ta san ciyawa ce. Lasa take don ba ta da wani abin lasa." Ta share mata hawaye da gefen mayafi. Sai ta sake ɗaga murya kamar ba komai. "To ni dai ban taɓa zuwa barka aka hana ni ɗaukar jariri ba, sai a gidan Barebari. Rowar taku har ta kai nan? Kawo shi in tofa masa albarka in tafi, rana na yi."

Yagana ta dubi inda wuƙar ta faɗi. Ta dubi hannuwan mijinta, ba komai a ciki. Ta saki taɓarya.

Ta kwance majanyi.

Dada, wadda ke ɗaukar ƙwarya uku a ka daga bakin titi har kasuwa, sai da ta yi nishi da abin ya sauka a cinyarta. Ba ta bari fuskarta ta nuna komai ba.

"Tubarkalla, ƙato! Kai Ɗantala, wane irin uba ne kai? An ce ko sau ɗaya ba ka ɗauki ɗanka ba. Zo ka karɓa, ni in ga idon baiwata, na ga kamar ciwon shawara ne ke damunta."

Fuskar Yagana ta yi haske.

"Karɓe shi, Malam. Don Allah. Tallafi kan."

Ya karɓa.

Nan take Dada ta jawo kan Yagana ta danna a ƙirjinta, ta lulluɓe su da mayafi, ta kanannaɗe ta da hannu biyu.

"Yanzu, Ɗantala!"

"Dada me kike yi? Sake ni! Malam! Malam, me za ka yi masa?"

Ɗantala ya juya musu baya, ya tsuguna, ya zaro basilla daga aljihu.

Abin da ɗumi. Wannan ne ya fara karya masa gwiwa. Shi ya san fatar nan tun tana da sanyi da santsi a kan teburinsa, yanzu ga ta da zafin jikin mai rai, ga wani abu yana bugawa a ƙarƙashin tafin hannunsa, dum, dum. Gashi mai laushi ya tsiro a kan. Idanun da ya yi da maɓallan riga a rufe suke, har da gira.

Ya kifa shi a cinya, ya lalubi ƙeya.

Ɗinki uku ya rage. Uku kacal.

A bakin ƙofa Muhsin na ta maimaita Ƙulhuwallahu, yana kai tsakiya ya ɓace ya sake daga farko.

Ɗantala ya sa bakin basilla a ƙarƙashin zaren farko, ya ce bisimilla da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji, ya fizga.

Tas!

Yagana ta ƙwalla ƙara kamar a naman jikinta aka soka.

"Wayyo ɗana! Ɗantala, kar ka yi min haka! Na roƙe ka da girman iyayenka!"

Rabon da ta kira sunansa tun suna saurayi da budurwa.

"Kar ka saurare ta!" in ji Dada tana haki. "Tana da ƙarfi, ba zan daɗe ba! Yi sauri!"

Zare na biyu.

Tas!

Fata ta buɗe kaɗan. Ba ciyawa ce ta fito ba. Nono ne gauraye da jini ya biyo yatsunsa, sai bakin wani ƙyalle ya leƙo, fari mai ɗigon shuɗi.

Saura ɗaya.

Ya sa basilla. Zaren ya zame. Ya sake sawa.

Sai wani ɗan hannu ya kama babban yatsansa.

Ba da ƙarfi ba. Riƙo ne irin na jarirai, yatsu biyar sun zagaye yatsa ɗaya.

Kan ya juyo a hankali, ya juyo, ya wuce inda wuyan mutum ke tsayawa, har fuskar ta dubi sama. Idanun suka buɗe. Ba maɓallai ba ne. Kuma a kunnen hagu akwai 'yar lanƙwasa, irin wadda ke kunnen Ɗantala, irin wadda ke kunnen mahaifinsa da ke kwance a maƙabarta. Shi bai ɗinka wannan ba.

Bakin da ya yanka da hannunsa ya motsa.

"Baba."

Jama'a, ni Yaji bijimi ya taɓa ɗaga ni da ƙaho ya yar a bayan shinge na tashi na kama igiyarsa. Amma ban ce zan iya abin da aka nemi Ɗantala ya iya a wannan lokacin ba. A kasuwa Kawu ake ce masa, a masallaci Malam, a kwata Sarkin Wuƙa. Shekara hamsin da biyu a duniya, ba bakin da ya taɓa furta masa wannan kalmar a cikin gidansa.

"Ciji harshenka!" Dada ta yi ihu. "Ɗantala, fizge zaren! Fizge!"

Basilla na ƙarƙashin zaren. Ɗagawa ɗaya ya rage.

"Baba," abin ya sake cewa, leɓensa na rawa irin na yaron da ke shirin kuka. "Da zafi. Baba."

Ɗantala bai yi shawara da zuciyarsa ba. Bai ma san bakinsa ya buɗe ba.

"Na'am."

Basilla ta karye gida biyu.

A gaban idonsa zaren ƙarshe ya nutse cikin fata, ƙyallen ya koma ciki, ƙeyar ta shafe sumul, ko tabo babu.

Ihun Yagana ya ɗauke. Jikinta ya saki a hannun Dada, kanta ya langaɓe gefe.

"Yagana? Ke Babarbariya, buɗe ido! Yagana!"

Ɗantala ya yunƙura zai tashi ya je gare ta, ya kasa. Riƙon da ke yatsansa ya zama na ƙarfe. Abin ya dafa cinyarsa, ya miƙe tsaye da ƙafafunsa, ya kai tsawon ƙirjinsa. Ya yi murmushi, haƙora jere sama da ƙasa.

Ya leƙa Yagana sau ɗaya, ya kau da kai. Ya ɗora ɗan hannunsa a wuyan Ɗantala, daidai jijiyar da mahauci ke lalubawa kafin ya ɗora wuƙa.

"Baba," ya ce. "Na Inna ya ƙare."